Weyerbusch, Ƙauyen Jamus Da Ya Riƙe Jakarsa Da Littafinsa

A makon jiya na yi alkawarin kawo bayani a kan ajiyar wake, amma ku yi mini aikin gafara, na ɗaga shi zuwa mako mai zuwa, domin na ga wani abu da ya tsaya mini a rai. Ran Laraba na biya ta gidan wani manomi da na daɗe ina zagaya gonarsa. Bana ya yi ƙoƙari ƙwarai, ya shuka a layi, ya sa taki a kan kari, ya yi maimai a lokacinsa. Na tarar ya sussuke dawarsa ya sheƙe, ya ɗure buhu 9. Kafin mu gama gaisawa sai ga yaran wani mai kuɗi da amalanke, suka ɗora buhu 5, watau biyan fallen da ya ci a watan Yuli, sa'ad da rumbu ya ƙare, ga kuma yaro ba lafiya. Bai ce uffan ba, ni ma ban ce ba. Duk ƙarin amfanin da muka sha rana muka samu, ina kallo aka tura shi gidan wani.

A hanyata ta komawa na tuna da wani ƙauye na ƙasar Jamus da aka ba mu labarinsa muna makarantar aikin gona, ran da aka zo darasin ƙungiyoyin gama kai. Sunansa Weyerbusch, a baki kamar a ce Wayabush. Kusan shekara 180 da suka wuce manomansa sun sha irin wannan wahala, har da wadda ta fi ta, kuma sun fita. Abin da na fahimta daga labarinsu shi ne, sun fita ne domin sun tsare sha'anin kuɗinsu a inda idon kowa ke iya kaiwa, watau a cikin ƙauye, a rubuce, a hannun mutanen da su ke gamuwa da su kullum. Ƙungiyarsu haka ta ke, mulkin ƙauyensu ma yau haka ya ke. Ra'ayina, mu mun ɗauki sunan abin mun bar wannan, shi ya sa ƙungiyoyinmu ke mutuwa tun ba su yi haƙori ba. Bari in kawo labarin daki-daki, ku yi hukunci da kanku.

INDA ƘAUYEN YA KE

Weyerbusch yana yammacin Jamus, cikin jihar da a ke kira Rheinland-Pfalz, a gundumar Altenkirchen. Daga can zuwa garin Altenkirchen, inda hedkwatar gunduma ta ke, kamar kilomita 8 ne, zuwa birnin Kolon na bakin kogin Rayin kuwa kamar kilomita 60. Mutanen ƙauyen wajen 1,400 ne. Yankin duka sunansa Westerwald, ƙasa ce ta tudu da kwari da kurmi, koguna huɗu sun kewaye ta: Rayin ta yamma, Sieg ta arewa, Lahn ta kudu, Dill ta gabas. Tudunta mafi tsawo, Fuchskaute, mita 657 ne.

Kada wani ya ji an ce Turai ya zaci fadama ce. Ƙasar Westerwald ba ta yi wa manomi sauƙi ba. An san ta da iska mai sanyi, ruwan sama ya yi mata yawa, ƙasar kuma laka ce mai nauyi mai riƙe ruwa, a kan tuddai ga baƙin dutse. Da hunturu ƙasa kan daskare, ba shuka ba tsiro, sai abin da aka ajiye. Abin da ke yi sosai shi ne ciyawar dabbobi, da dankalin Turawa, da wani hatsi dangin alkama mai jure sanyi wanda su ke kira roggen, da shi su ke yin baƙin burodi. Sabo da haka arzikin talaka a can saniya ce. Ita ke ba da madara, ita ke ba da taki, a gidan da ba doki kuma ita ke jan garma.

Abu guda da ƙauyen ya samu tun da can shi ne hanya. Tsohuwar hanyar fatake daga Kolon zuwa Frankfurt ta ratsa ta cikinsa, yau ma babbar hanyar mota mai lamba 8 ta nan ta bi. Waɗansu mazan gundumar kan tafi haƙar tama su ƙara da abin da gona ta ba su. Ramin tama na ƙauyen Willroth, wanda ba shi da nisa, sai a 1965 aka rufe shi.

KAFIN 1845

Shekaru aru-aru yankin yana hannun sarakunan gidan Sayn, ƙananan sarakuna ne irin waɗanda suka cika Jamus a zamanin da. A 1796 sojojin Faransa da na Ostiriya suka gwabza a Altenkirchen, kuma kowa ya san abin da runduna kan yi wa rumbun talaka in ta bi ta ƙauye. Bayan an ci Napoliyon, a 1815, sai yankin ya koma hannun Sarkin Purusiya, a 1816 aka kafa gundumar Altenkirchen. Aka tattara ƙauyuka rukuni-rukuni, ko wane rukuni aka ɗora masa ma'aikacin gwamnati guda, ana ce masa Bürgermeister. Naɗa shi a ke yi, ba zaɓe ba, aikinsa ya yi kama da na hakimi. Weyerbusch ya zama mazaunin irin wannan hakimi, da ƙauyuka fiye da 20 a ƙarƙashinsa.

Al'adar gadonsu ita ce a raba gona tsakanin 'ya'ya duka. Kaka ya bar gona babba, jikoki su tashi da 'yar ƙeya nan, 'yar ƙeya can, ba wadda za ta ci da gida. In saniya ta mutu, manomi ba shi da kuɗin wata, banki kuwa yana birni, bai san shi ba. Sai dillalin shanu ya kawo masa wata bashi, a rubuta takarda, a ɗora ruwa mai yawa, a sa ranar biya a lokacin da aka san ba shi da ko anini. In ya kasa sai a sake takarda a kan ta farko. Ƙarshenta kotu ta yi gwanjon saniya da gona da gida. Da yawa daga mutanen Westerwald ta haka suka bar ƙasarsu suka yi ƙaura zuwa Amurka.

SHEKARAR YUNWA

A farkon 1845 aka turo wa Weyerbusch sabon hakimi, saurayi ɗan shekara 26, sunansa Friedrich Wilhelm Raiffeisen, a baki Raifaizan. An haife shi a 1818 a Hamm, wani gari na bakin kogin Sieg a cikin gundumar nan, watau ɗan ƙasa ne. Da soja ya ke, ciwon ido ya fid da shi, ya koma aikin ofis. Bai daɗe da kama aiki ba sai cutar nan mai ruɓar da dankali ta sauka a Turai, ita ce ta hallaka mutanen ƙasar Ailan a waɗannan shekaru. A 1846 hatsi ma bai yi ba. Hunturun 1846 zuwa 1847 ya zo da tsanani, rumbuna wayam, burodi ya fi ƙarfin talaka.

Gwamnati ta aiko da garin burodi, amma da umurnin kada a ba kowa sai ya ajiye tsabar kuɗi. To, wanda ke da tsabar kuɗi ai ba shi yunwa ke ci ba. Raiffeisen ya raba garin bashi, aka rubuta sunan kowa da abin da ya karɓa, a kan zai biya in ya samu. Shugaban gunduma ya yi masa faɗa a kan saɓa umurni, shi kuwa bai fasa ba. Ku lura da abin da ya ba shi ƙarfin zuciyar yin haka. Ya san mutanen, makwabtansu ma sun san su, an san mai biya an san mai taurin bashi. Ma'aikacin da ke zaune a birni ba shi da wannan sani, dole ya ce sai da tsaba.

Da ya ga garin gwamnati ba zai kai ko'ina ba, sai ya tara masu hali na ƙauyukan suka kafa ƙungiyar burodi. Suka haɗa kuɗi, suka sayo gari da yawa a kan sari, suka gina gidan gashi a Weyerbusch, aka riƙa gasa burodi ana sayar wa talakawa da rahusa, wanda ba shi da shi a rubuta masa. Da bazarar 1847 ta zo ƙungiyar ta sayo irin dankali ta raba, domin kada mutane su tsira daga yunwa su rasa abin shukawa. Ya kuma gina makaranta, ya matsa a gyara hanya daga Weyerbusch ta Flammersfeld zuwa Neuwied a bakin Rayin, don manomi ya kai kayansa kasuwa da kansa, ba sai ya sayar wa dillali a ƙofar gida ba. Har yau hanyar da sunansa a ke kiranta, an kuma sake gina irin gidan gashin nan a ƙauyen don tunawa.

DAGA SADAKA ZUWA GAMA KAI

A 1848 aka mai da shi Flammersfeld, makwabcin Weyerbusch ta kudu. A can, a ƙarshen 1849, ya kafa ƙungiyar taimakon manoma marasa hali. Masu hali wajen 60 suka tsaya da dukiyarsu, aka ranto kuɗi da sunansu, aka sayi shanu aka ba manoma su biya a hankali cikin shekara 5. Dillali ya rasa inda zai kama. A 1852 aka sake mai da shi Heddesdorf, kusa da Neuwied, a 1854 ya kafa wata ƙungiyar taimako a can.

A nan ne ya koyi darasin da na fi so mu ji. Duk ƙungiyoyin nan uku na farko na masu hali ne, talaka karɓa kawai ya ke yi. Da yunwa ta wuce sai masu hali suka fara gajiya, taro ya daina cika, mai karɓa kuma bai ɗauki abin nasa ba. Raiffeisen ya gane sadaka tana kashe yunwar shekara guda, amma ba ta raba manomi da dillali. Sai aka sake tsari, a Anhausen a 1862, a Heddesdorf kuma a 1864: duk mai son rance sai ya zama ɗan ƙungiya, ya ɗauki nauyin bashin sauran kamar yadda suka ɗauki nasa.

Ga sharuɗɗan da ya kafa, waɗanda ya bayyana cikin littafin da ya buga a 1866. Ƙungiya kada ta wuce ƙauye guda ko 'yan ƙauyukan da ke haɗuwa a majami'a guda, don kowa ya san kowa. In ƙungiya ta ci bashi, dukiyar ko wane ɗanta tana cikin lamuni, ba iyaka. Shugabanni ba su da albashi, mai riƙe littafi kaɗai a ke biya. Ba a ba da rance sai ga ɗan ƙungiya, sai kuma ya faɗi abin da zai yi da shi, a ga abu ne mai amfani. Riba ba a raba ta, sai a tara ta a asusun da ba mai ikon taɓawa ko da ya fita. Ku dubi sharaɗi na biyu da kyau. Mutumin da ya san gonarsa na iya tafiya in makwabcinsa ya ƙi biya, ba zai yi barci a taro ba, ba kuwa zai sa hannu a ba malalaci kuɗi don kunya.

Raiffeisen ya bar aikin gwamnati a 1865 sabo da rashin lafiya, idonsa ya yi ta raguwa, 'yarsa ce ke yi masa rubutu. Ya rasu a 1888, ya bar ƙungiyoyi fiye da 400. A 1889 doka ta yarda a kafa ƙungiya mai lamuni da iyaka. Yau 'yan ƙungiyoyin gama kai a Jamus sun haura miliyan 20, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sa wannan dabara cikin abubuwan gadon 'yan Adam.

YADDA A KE MULKIN ƘAUYEN YAU

Hakimin naɗi irin Raiffeisen ya zama tarihi. Mulkin kai na ƙauyuka ya yi ta ƙaruwa, har Hitila ya zo ya soke zaɓen majalisunsu da dokar 1935. Bayan yaƙi, a 1946, aka kafa jihar Rheinland-Pfalz, a 1949 kuma tsarin mulkin Jamus, a sashe na 28, ya tabbatar wa ko wane gari da ƙauye ikon gudanar da al'amuran cikinsa da kansa. Sun ɗanɗana rashinsa, shi ya sa suka rubuta shi a inda ba a gogewa da sauƙi.

Weyerbusch yana da majalisarsa ta mutum 16, gwargwadon yadda doka ta yanka wa ƙauye mai mutum 1,001 zuwa 2,500. Ana zaɓensu duk shekara 5, an yi irin wannan zaɓe a watan Yuni na 2024. Mai zaɓe yana da ƙuri'a 16, yana iya ba mutum guda har 3, yana kuma iya tsinto mutane daga jam'iyyu dabam-dabam, watau mutum a ke dubawa. A ƙananan ƙauyuka inda ba a tsai da jerin 'yan takara ba, mai zaɓe da hannunsa ya ke rubuta sunayen waɗanda ya amince da su. Shugaban ƙauye shi ma zaɓensa a ke yi, tun 1994 jama'a ke zaɓensa kai tsaye. Ba shi da albashi sai alawus, yana nan da sana'arsa, da yamma ya zauna ya saurari mutane.

Abin da ke hannun majalisar ƙauye a jihar ya haɗa da titunan cikin gari, da hanyoyin gona, da maƙabarta, da ɗakin taro, da dajin ƙauye in akwai, da yanka filayen gini. Tana kuma da jakarta. Ita ke yanka yawan harajin gona da na gida da na masu sana'a, har da harajin kare. Bayan wannan, kashi 15 cikin 100 na harajin da a ke cira daga albashi da sauran abin da mutane ke samu, garuruwa da ƙauyuka a ke raba wa. Zaman majalisa a fili a ke yinsa, kowa na iya zuwa ya saurara. Kafin a zartar da kasafin kuɗi na shekara sai an baje shi, mazauna ƙauye suna da kwana 14 su kawo shawara. Doka ta kuma nemi a kira taron jama'a duka aƙalla sau ɗaya a shekara.

Wani akawu zai ce, ƙauye mai mutum 1,400 ina zai sami ma'aji da injiniya? Sun yi wa wannan dabara. Ƙauyuka suna haɗuwa su yi ofis guda, ana ce da wannan haɗaka Verbandsgemeinde. Weyerbusch yana cikin haɗakar Altenkirchen da Flammersfeld, wadda aka haɗe ran 1 ga Janairu 2020, ƙauyuka fiye da 60 da mutum wajen 35,000. Haɗakar ke riƙe da ruwan famfo, da magudanan ƙazanta, da makarantun firamare, da 'yan kwana-kwana, waɗanda galibinsu 'yan sa kai ne. Shugabanta ma'aikaci ne mai albashi, ana zaɓensa na shekara 8. Akawunanta su ke rubuta wa ko wane ƙauye lissafinsa, amma ko wane ƙauye littafinsa dabam, kuma majalisarsa ce ke cewa a kashe ko kada a kashe. Akawu na haɗaka ne, jaka ta ƙauye ce. Bisa haɗaka sai gunduma, bisa gunduma sai jiha.

Jihar nan mai mutum wajen miliyan 4 tana da garuruwa da ƙauyuka masu majalisa wajen 2,300, galibinsu ba su kai mutum 1,000 ba. Jamus duka tana da fiye da 10,000. Nijeriya mai mutum fiye da miliyan 200 tana da ƙananan hukumomi 774. Dagatai da masu unguwa suna nan da girmansu, amma ba su da baitulmali. Hausawa sun ce in dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

SU MA SUNA DA NASU

Ba na son in zana muku aljanna. Ƙauyukan jihar nan suna kukan kuɗi, domin kaso mai yawa na harajin da su ke tarawa yana tafiya wajen biyan haɗaka da gunduma. Sau biyu, a 2012 da 2020, babbar kotun jihar ta yanke cewa yadda gwamnatin jiha ke raba musu kuɗi ya saɓa wa tsarin mulki. A 2023, a wani ƙauye mai suna Freisbach a kudancin jihar, shugaba da majalisa duka suka ajiye aiki rana guda, suka ce an ɗora musu aiki ba a ba su abin yinsa ba. A waɗansu ƙauyuka kuma a kan rasa mai son tsayawa shugaba, don aikin da yawa, ladan kaɗan. Amma ku duba, mutanen Freisbach sun iya yin wannan fushi ne domin sun ga littafin, sun san abin da ya shigo da abin da ya rage.

Noma ma ya sake kama. Dokar 1953 ta ba da hanyar harhaɗa gutsattsarin gonaki a sake rabo, injuna suka shigo, matasa suka tafi masana'antu. A ƙidayar 2020 gonakin Jamus duka wajen 263,000 ne, ko wace a tsakaice hekta 63. Yawancin mutanen ƙauye irin Weyerbusch yau ba noma su ke ci da shi ba. Ƙungiyoyin Raiffeisen su ma sun taɓa yin tuntuɓe. A shekarun 1920 babban bankinsu na birnin Balin ya tafka asara, sabo da ya ba waɗansu 'yan kasuwa da ba manoma ba rance mai yawa, har da wani ɗan damfara, sai da gwamnati ta sa hannu. Kuɗin manoma ya yi nisa da idon manoma, abin da mai kafa ƙungiyar ya yi ta gudu ke nan.

ABIN DA YA ISO MU

Labarin nan ya shafe mu kai tsaye. Turawan Ingila sun kwaikwayi tsarin Raiffeisen suka yi dokar ƙungiyoyin rance a Indiya a 1904. Wani Bature mai suna Strickland, wanda ya yi wannan aiki a lardin Panjab na Indiya, shi ya rubuta wa gwamnatin Nijeriya rahoto a 1934, a 1935 aka yi dokar ƙungiyoyin gama kai ta farko a ƙasar nan. Ashe ƙungiyar da ke ƙauyenku, in an bi salsala, jikanyar gidan gashin burodin Weyerbusch ce. Sai dai a hanya an juya ta. A can ƙauye ne ya fara, doka ta biyo baya. A nan doka da rajista suka fara zuwa, aka shiga neman mutanen da za a rubuta.

Na gani da idona. A wani ƙauye da na yi aiki, aka ji za a ba da rancen taki ga ƙungiyoyi. Cikin mako guda aka tara sunaye daga ƙauyuka biyar, waɗansu ba su taɓa ganin juna ba. Ba wanda ya zuba ko kwabo nasa. Littafi yana aljihun sakatare, sakatare yana birni. Taki ya zo a makare, aka raba, waɗansu suka sayar a kasuwa. Da kaka aka nemi biya, kowa ya ce ai kuɗin gwamnati ne. Ƙungiya ta mutu, baɗi kuwa duk suka koma wurin mai falle. Ni ma ina da laifi a ciki, domin ni na taya su cika takardun, ina murna sunaye sun yi yawa.

Wani zai ce ƙungiyoyin Jamus da ruwa su ke ba da rance, mu kuwa addini ya hana. Gaskiya ne suna ɗora ruwa, ko da ya ke kaɗan ne in an gwada da na dillalai. Amma ku tuna yadda aka fara a Flammersfeld, saniya aka saya aka ba manomi ya biya a hankali. Ƙungiya tana iya sayen taki ko iri ko shanun huɗa a kan sari, ta sayar wa ɗanta bisa farashin da aka yanka tun farko, sauran bayani a nemi malamai. Wani kuma zai ce su masu ilmi ne. To, a 1847 ba haka su ke ba, da makarantar ta ishe su da Raiffeisen bai gina wata ba. Mu ma muna da adashi da gayya, kuma ba su cika rushewa ba, don kuwa masu yinsu sun san juna.

Shawarata ga manoma ita ce a fara yanzu da kaka, tun hatsi yana hannu. Ku haɗu ku 20 ko 30 na unguwa guda, waɗanda kuka san gonar juna. Kowa ya zuba abin da ya iya, ko tiya 10 ce, a ajiye a rumbu guda mai kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya wurin ma'aji ɗaya wurin wani dattijo. In Yuli ta zo, ɗan ƙungiya ya ci daga nan maimakon ya ci falle. Kada ku sa wanda ba za ku iya tsaya masa ba, ko ɗan wane ne. Kada ku nemi rancen gwamnati sai kun yi shekara biyu kuna juya naku. Malam akawu, kai ne mai riƙe littafi, ka karanta shi da ƙarfi a gaban kowa duk wata, a biya ka ladan aikinka a fili. Ɗan kasuwa kuma kada ya ɗauka gaba a ke yi da shi. Manomin da bashi bai cinye ba shi ne mai sayen atamfa da keke da kwanon rufi.

Game da mulki, a watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Madalla, amma daga sakatariya zuwa ƙauye akwai sauran tafiya. Ko wane ƙauye ya nemi kansilansa ya zo sau ɗaya a shekara, a gaban dagaci da jama'a, ya faɗi abin da aka karɓa na kasuwa da tasha, da abin da aka yi wa ƙauyen da shi, a rubuta a ajiye. Ba sai an sake doka kafin a yi wannan ba. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa, amma sai an nuna masa lissafi kafin ya san ko akwai kuɗin yaɓe.

Shi manomin nan da na ba ku labarinsa, na koma wurinsa ran Juma'a, mun zauna da makwabtansa bakwai, sun ce za su gwada. Zan riƙa sanar da ku yadda ta kaya, ko ta yi daɗi ko ba ta yi ba. Wanda ƙauyensu ke da ƙungiyar da ta shekara biyar ba ta mutu ba, ina roƙonsa ya rubuto mana yadda suka yi, mu buga a wannan fili kowa ya ƙaru. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, sai maganar ajiyar wake. Allah ya sa mu ci amfanin gonarmu da lafiya, amin.

Naku,
Malamin Gona